Ku Tambaya Mu Amsa: Laifin Gola Ne, Ko Na 'Yan Gaba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mazaunin Jidda ne, a unguwar Kandara, kuma ƙwallon da na sani ita ce ta ƙafa, tun ina saurayi Ittihad nake bi. To ɗana na fari ya yi karatu a birnin Boston na Amurka, ya dawo mana da son ƙwallon gora da ake yi a kan ƙanƙara, har ya shafa wa ɗan ƙanina. Ƙungiyarsu ita ce ta Kwalejin Boston. A 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, suka kwana a falona suna kallon wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, Jami'ar Denver ta ci su 2 da nema. Tun daga ranar musu bai ƙare ba. Ɗana ya ce laifin 'yan gaba ne, wai ƙungiyar da ta yi shekara tana ruwan ƙwallaye, ranar da ake buƙata ta kasa jefa ko ɗaya. Ɗan ƙanina ya ce a'a, wasa ne na gola da gola, na Denver bai bari ko ɗaya ta wuce ba, nasu ya bari biyu, don haka gola ne ya kayar da su. Duk Juma'ar da aka haɗu cin abinci sai an tayar da zancen, har uwargida ta fara gajiya. Sun amince in kawo maka ƙara. Wa ke da gaskiya?

Mai karatu daga Kandara, Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya raya zuri'a, ya bar zumunci. Tun da sun yarda da alƙalancina, bari in faɗi hukunci tun farko, hujjoji su biyo baya. Ɗan ƙaninka ya fi kusa da gaskiya da ya ce daren na masu tsaron raga ne, sai dai ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Golan Kwalejin Boston bai zubar da wasan nan ba. Golan Denver ne ya ƙwace shi da hannunsa.

Kafin mu shiga ciki, saboda kai da sauran masu karatu da ba su saba da wasan ba: kowane ɓangare mutum shida ne a fili, biyar da gola. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, agogo kuma yana tsayawa duk lokacin da aka busa. Ragar ƙarama ce, faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4, golan kuma a lulluɓe yake da kayan kariya tun daga kai har ƙafa, in ya durƙusa ya kusan cike ƙasan ragar. Ƙwallon tasu faifai ce ta baƙar roba mai tauri, girmanta kamar ƙaramin gwangwanin kifin tuna, nauyinta bai wuce giram 170 ba, har daskarar da ita ake yi kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. In ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya zabga mata gora, gudunta kan haura kilomita 140 a awa. A wasa ɗaya gola kan fuskanci hari wajen 30 da suka nufi raga kai tsaye, adadin da golan ƙwallon ƙafa kan yi wasanni da dama bai tara ba. Saboda haka mudun da kake auna golan Ittihad da shi, ka ɗan ajiye shi a gefe tukuna.

Mu zo kan ƙungiyar tasu. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba da ya ce sun yi kaka guda suna ruwan ƙwallaye. Cutter Gauthier ya ci 38, babu wanda ya kai shi a jami'o'in Amurka a kakar. Will Smith ya haɗa maki 71, wato waɗanda ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, shi ma ba wanda ya kamo ƙafarsa. Ga Ryan Leonard da Gabe Perreault da suke fita tare da Smith, su ukun duk 'yan shekarar farko ne a makaranta. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan wata ƙungiyar ƙwararru ta NHL, babbar gasar wannan wasa a Amurka da Kanada, ta riga ta zaɓe shi tun a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara. A raga kuma akwai Jacob Fowler, shi ma ɗan shekarar farko. Da wannan tawaga koci Greg Brown ya shiga gasar ƙarshe ta ƙungiyoyi 16 a matsayin na ɗaya a ƙasar.

To ga abin da nake so ka karanta wa yaran nan ranar Juma'a, kafin a ɗauke faranti. A kan hanyarsu ta zuwa wasan ƙarshe sun haɗu da Quinnipiac, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. An jefa wa Fowler ƙwallo 4 a ranar, 'yan gaba ne suka fanshe shi, aka tashi 5 da 4 bayan ƙarin lokaci. Ɗanka ya tuna da wannan, mutanen da yake zargi su ne suka fitar da ƙungiyar kunya. A wasan kusa da na ƙarshe kuma suka doke Michigan 4 da nema, Fowler ya rufe ragarsa ruf a gaban ƙungiyar da ita ma ta ƙware wajen cin ƙwallo. Ɗan ƙaninka ya tuna da wannan. Ranar Alhamis aka yi wasan Michigan, ranar Asabar aka yi na Denver, kuma gola ba ya lalacewa a kwana biyu.

Wasan ƙarshen an yi shi ranar 13 ga Afrilu a birnin Saint Paul na jihar Minnesota, mu nan Jidda dare ya riga ya raba. Ƙwallayen Denver biyu duk a zango na biyu suka shiga. Ta farko Jared Wright ne ya buga, ta daki ƙarfen raga, ta dawo ta bugi Fowler ta faɗa ciki. Ta biyu Rieger Lorenz ne, bayan Zeev Buium ya janye 'yan baya ya miƙa masa. In wani ya ce a ta farkon akwai abin da golan zai gyara a tsayuwarsa, wannan magana ce da za a iya zama a tattauna. Amma golan da aka ci 2 a minti 60 ya sauke nauyin da ke kansa, balle wanda 'yan gabansa suka saba cin 4 ko fiye. Je ka sami kowane koci kafin a take wasa, ka ce masa ƙwallo biyu kawai za a ci ka kuma ga waɗannan yara a gabanka, hannu bibbiyu zai karɓa.

Zango na uku shi ne wasan. A minti 20 ɗin nan Kwalejin Boston ta kai hari 23 da suka nufi raga, wato fiye da ɗaya a kowane minti, Matt Davis na Denver ya tare su duka. Jimillar abin da ya tare a daren 35. Akwai guda ɗaya da har yau nake komawa in kalla. A farkon zangon ne, an fitar da ɗan Denver ɗaya na minti biyu saboda laifi, Boston na da rinjayen mutum. Davis ya matsa gefe guda yana fuskantar mai riƙe da ƙwallo, sai aka gilma ta ta gaban raga zuwa ɗaya gefen, inda Leonard yake jira, raga a buɗe a gabansa. Leonard bai tsaya gyara ba, ya buga nan take, bugun kuma ya tafi inda ya kamata. Davis ya jefa jikinsa gaba ɗaya a kwance ta cikin iska, ƙwallon ta same shi ta fita. Ka tambayi ɗanka, me Leonard zai yi da bai yi ba? Ya tsaya a wurin da ya dace, ya buga a lokacin da ya dace. Da ta shiga an koma 2 da 1 da sauran lokaci mai yawa, da watakila wani labarin muke yi yanzu.

Duk da haka ba zan sallami ɗanka hannu Rabbana ba. Yana da kasonsa na gaskiya, sai dai ba a wurin da yake nema ba. Cire 23 daga 35, saura 12. Ke nan a zango biyu na farko, minti 40 cur, ƙungiyar da ta fi kowa tarin gwanaye hari 12 kacal ta iya kaiwa raga. Nan ne gizo ke saƙar. 'Yan wasan koci David Carle sun cushe tsakiyar fili, suka hana yaran Boston shigowa da gudu kamar yadda suka saba, suka riƙa tura su gefen katanga. Sai da ruwa ya kai musu wuya suka farka, a lokacin kuwa Davis ya riga ya yi zafi. In ɗanka zai yi kuka, ya yi kuka da waɗannan minti 40 ɗin. Kuma ko su ɗin, rabin maganar yabo ne ga tsarin Denver.

A shekarun da na yi karatu a arewacin Amurka na sha zama a kujerun da ke bayan raga, gilashi kawai tsakanina da gola. Daga can ne mutum yake gane cewa hari suna ya tara. Wanda aka bugo daga nesa, gola yana kallon sa tun daga kan gora, wannan ba ya damun sa, sai ka ji tim a ƙirjinsa ya rungume, ya miƙa wa alƙalin wasa. Abin da ke kashe gola shi ne ƙaton ɗan gaba ya zo ya tsaya masa a ido. Za ka ga golan yana leƙe ta ƙarƙashin hammatar mutumin, yana karkata kai hagu da dama, ƙwallo kuwa ta riga ta taso. Ko kuma a bugo ta, wani ya ɗan taɓa ta da bakin gora a kan hanya ta canza alƙibla, golan ya riga ya durƙusa a inda ya yi tsammani. Ko ya tare ta farko ta zube a gabansa, babu ɗan bayan da zai share, abokin hamayya ya ƙarasa. Ko irin wadda na ba da labari, a gilma ta daga wannan gefe zuwa wancan, dole ya bar wurinsa ya bi ta. Mai kallo a talabijin fitila ja mai nuna an ci ƙwallo kawai yake gani ta kama da gola a kwance, sai ya ɗora masa. Wanda ya zauna a bayan raga ya san sau da yawa an riga an ci ƙwallon tun daƙiƙa uku kafin a buga ta, lokacin da ɗan baya ya saki mutuminsa.

Shi ya sa nake roƙon yaran nan su daina auna gola da yawan ƙwallayen da aka ci shi kawai. Wannan lissafi ne na ƙungiya gaba ɗaya, golan da ke bayan 'yan baya nagari zai fito fes ko da shi matsakaici ne. Wanda ya fi kusa da adalci shi ne kason abin da ya tare cikin abin da aka buga masa. Golan da ke tare 90 cikin 100 da wanda ke tare 92 cikin 100, a ido kamar duk ɗaya ne. Amma in ana kai musu hari 30 a kowane wasa, a wasa 40 bambancinsu ƙwallo 24 ne, kuma ƙwallo 24 sun isa su raba ƙungiyar da za ta je gasar ƙarshe da wadda za ta zauna a gida. Shi ma wannan lissafin bai san bambancin hari mai sauƙi da mai wuya ba, dole a haɗa da ido. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a al'ada kusan ɗaya cikin goma na hare-haren da suka nufi raga ke shiga. Ƙungiyar da ta kai 35 tana da haƙƙin sa ran ƙwallo uku ko makamancin haka. Boston ta samu sifili. In aka dawo da daren nan sau goma da hare-hare iri ɗaya, ban yarda za a tashi haka ba a mafi yawansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin ma Denver ce da kanta. A kakar nan babu ƙungiyar da ta kai ta yawan cin ƙwallo a jami'o'in Amurka, sama da 4 take ci a kowane wasa. Amma dubi yadda ta ɗauki kofin: ta ci Massachusetts 2 da 1 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, ta ci Cornell 2 da 1, ta ci Jami'ar Boston, wadda daban take da Kwalejin Boston, 2 da 1 a ƙarin lokaci, sannan ta rufe da 2 da nema. Ƙwallo 8 a wasa huɗu, an ci ta 3. Da Davis ya yi sakaci sau ɗaya a ɗaya daga cikin ukun farko, da magoya bayan Denver ne suke irin musun da ake yi a falonka, suna cewa 'yan gabansu sun ɓace ranar da ake buƙatar su. 'Yan gaban Denver ba su fi na Boston yin komai ba a makonnin nan, golansu ne ya rufa musu asiri, har suka ɗauki kofi na 10, suka wuce Michigan mai 9. Kuma Davis ɗin nan ba shi aka ba kyautar Mike Richter ta golan da ya fi kowa a kakar ba, Kyle McClellan na Wisconsin ne ya karɓa, ƙungiyarsa kuwa a wasanta na farko aka fitar da ita. Shi Fowler da ɗan ƙaninka yake zargi, shi ya karɓi kyautar a shekarar da ta biyo baya, 2025.

Dalilin duk wannan tsarin gasar ne. A wasannin cin kofi na ƙwararru a NHL, sai ka ci abokin karawarka sau huɗu cikin wasa bakwai kafin ka wuce, don haka golan da ya haskaka dare ɗaya da wuya ya hana ƙungiyar da ta fi ƙarfi hanya. A gasar jami'o'i kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne, wasa ɗaya, wanda ya faɗi ya haɗa kayansa. Cin ƙwallo shi ke kai ƙungiya can, daga Oktoba zuwa Maris. In an isa, kowa ya ƙanƙame, laifuffuka sun ragu, fili ya matse, sai mutum ɗayan da ke tsaye a raga ya fi kowa nauyi a kan sikeli. Kai da kanka ka ga irin wannan, Alhaji. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 a filin Lusail, Saudiyya sau 3 kacal ta buga ƙwallo ta nufi gidan Ajantina, 2 suka shiga, Muhammad Al-Owais ya tsare sauran wasan, har washegari aka ba da hutu a ƙasar nan. Wa zai ce 'yan gaban Ajantina ba su iya ba? Kafin wata ya cika sun ɗaga kofin duniya.

Shawarata ga yaran nan, su nemo wasan su sake kallo tare, da takarda da biro. Duk harin da aka kai su tambayi kansu, golan ya ga tasowarta ko an tare masa ido, ta canza hanya ko ta zo a miƙe, an gilma ta ta gaban raga ko a'a. Su yi wa Fowler, su yi wa Davis. Ina kyautata zaton kafin a kai ƙarshen zango na uku za su bar zargin nasu su koma jinjina wa na mutane. A gaishe da uwargida da haƙuri.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ƙanena ya nuna mini wani ɗan bidiyo na wasan nan na ƙanƙara, na ga gola ya bar ragarsa da gudu ya koma benci ana tsaka da wasa, aka kuwa turo ƙwallo daga nesa ta shige ba mai tarewa. Fushi ya yi ko ciwo ya ji? Kuma wa za a ɗora wa laifin wannan ƙwallon?

Mai karatu daga Misfala, Makka

AMSA

Barka kadai, 'yar'uwa. Ba fushi ba ne, ba ciwo ba ne, kocinsa ne ya kira shi. Doka ta ce mutum shida a fili, ba ta wajabta ɗayansu ya zama gola ba. Saboda haka ƙungiyar da ake ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, in lokaci ya kusa ƙarewa, sai ta fitar da gola ta shigo da ɗan gaba, ta zama shida a kan biyar. Lissafin mai sauƙi ne: wanda aka ci 2 da 1 da wanda aka ci 3 da 1 duk gida za su tafi, don haka gara a yi kasada. Ƙwallon da ta shiga raga babu kowa ba a rubuta ta a lissafin golan.

Wani lokaci kasadar tana biya. A wasan ƙarshe na 2023 a birnin Tampa, muna cikin azumi a lokacin, da yawa daga cikin masu bin wasan a nan da sahur suka haɗa kallon. Minnesota ta fara cin Quinnipiac 2 da nema, aka koma 2 da 1, sai ta ja baya tana tsaron abin da ta samu. Da sauran fiye da minti uku koci Rand Pecknold ya fitar da golansa Yaniv Perets, abin da masu horarwa da yawa ba sa yi da wuri haka. Saura minti 2 da daƙiƙa 47 Collin Graf ya farke. Aka tafi ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama, daƙiƙa 10 da take wasa Jacob Quillan ya jefa ta uku. Kofin farko ke nan a tarihin ƙungiyar Quinnipiac, bayan ta sha kashi a wasan ƙarshe a 2013 da 2016. Wannan wasan ma darasi ne ga masu musun gola da 'yan gaba, domin Minnesota tana da gwanaye irin su Logan Cooley da Matthew Knies, golanta kuma ya yi iya yinsa. Abin da ya kayar da ita, a ganina, barin kai hari ne da ta yi tun da sauran lokaci.

Wani lokaci kuma kasadar ba ta biya. A wasan ƙarshe na 2022 Denver ta ci Minnesota State, wadda daban take da Minnesota, 5 da 1, biyun ƙarshe a raga babu gola suka shiga, shi ya sa sakamakon ya fi wasan muni. Akwai kuma wani yanayi da ake fitar da gola ba tare da haɗari sosai ba: in alƙalin wasa ya ɗaga hannu don laifin abokan hamayya amma ƙwallo tana hannunku, ba zai busa ba sai sun taɓa ta, don haka gola sai ya ruga benci a ƙara mutum kafin a busa.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibi ne a Madina, asalina daga Mai Wurno ta Sudan. Muna musu da abokan ɗakina. Da kai ne koci, aka ce gurbi ɗaya ya rage maka, ko ka ɗauko ɗan gaban da ya fi kowa ko golan da ya fi kowa, wanne za ka zaɓa?

Mai karatu daga Madina

AMSA

Allah ya ba da ilimi mai amfani, ƙanina, ya kuma kawo wa Sudan zaman lafiya. Gola zan ɗauka, ba tare da dogon tunani ba. A wasan nan 'yan gaba canzawa suke yi a kai a kai saboda gudun yana cin rai, kowane rukuni ba ya cika minti ɗaya a fili kafin ya koma benci. Gwanin da ya fi kowa, in an tara, wajen minti 20 yake bugawa cikin 60. Gola kuwa yana nan daga farko har ƙarshe, kuma kowane harin abokan hamayya a kansa yake ƙarewa. Ɗan gaba ɗaya ana iya sa masa mai gadi a rage masa kaifi. Gola ba a yi masa haka sai da taron dangi a gaban raga.

Amma ka faɗa wa abokan ɗakinka kada su ɗauka na ce gola kaɗai yana kawo kofi. Kyautar Hobey Baker ta ɗan wasan da ya fi kowa a jami'o'i, daga 1981 zuwa 2025 masu tsaron raga uku kacal suka karɓe ta: Robb Stauber a 1988, Ryan Miller a 2001, Dryden McKay a 2022. Babu ɗayansu da ya ɗauki kofi a shekarar da ya karɓa. Miller na Michigan State yana tare 95 cikin 100 a kakar, abin da ba kasafai ake gani ba, amma a wasan kusa da na ƙarshe North Dakota ta ci su 2 da nema, 'yan gabansa ba su ba shi ko ɗaya ba. McKay kuwa, wanda ya yi wasa 34 a zamansa na jami'a ba a ci shi ko ɗaya ba, ya riƙe wa Minnesota State 1 da nema har aka shiga zango na uku a wasan ƙarshe na 2022, ƙungiyarsa ta kasa ƙara ta biyu, daga nan ragar ta ɓalle. Shi kansa Matt Davis da na yaba a sama, a 2025 Western Michigan ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, 3 da 2 bayan ƙarin lokaci sau biyu, ta je ta lallasa Jami'ar Boston 6 da 2 ta ɗauki kofinta na farko, da ɗan shekarar farko, Hampton Slukynsky, a raga.

Saboda haka in na ɗauko golan, aikin da zan sa a gaba shi ne 'yan baya huɗu da za su share masa gaban raga su bar shi ya ga ƙwallo, da rukunin 'yan gaba uku da kowanne zai iya kawo mini ƙwallo ɗaya a dare, ko da babu mai cin 38 a cikinsu.